Tauraron Burma: lambar yabon da ba ta ɗauke da sunan mai ita

A watan Mayun 1945 gwamnatin Birtaniya ta fito da jerin lambobin yabo domin waɗanda suka yi mata Yaƙin Duniya na Biyu. Ɗaya daga cikinsu ita ce Tauraron Burma, wadda aka ware wa duk wanda ya yi aiki a fagen daga na ƙasar Burma, Myanmar ta yau, daga 11 ga Disamba 1941 zuwa 2 ga Satumba 1945. Tauraro ne mai tsini shida, an ƙera shi da gaurayen jan ƙarfe da tutiya, a tsakiyarsa akwai tambarin Sarki Joji na Shida da kambin sarauta. Ƙyallen da ake rataya shi ja ne a tsakiya, gefe da gefe kuma shuɗi mai duhu da ratsin ruwan goro, wanda aka ce alamar rana ce. Idan ka juya bayansa kuwa, fili ne fetal. Ba sunan sojan, ba lambar aikinsa, ba bataliyarsa.

Ba mantuwa aka yi ba, shawara aka yanke. Kwamitin da ke kula da lambobin girma a Landan ya tsayar cewa lambobin wannan yaƙi za a raba su ba tare da an buga sunan kowa ba. Ƙasashe uku ne kawai suka bi tasu hanyar, Indiya da Afirka ta Kudu da Ostireliya, suka buga sunayen sojojinsu a bayan taurarin. Najeriya da Gwalkwas (Gana ta yau) da Saliyo da Gambiya a lokacin ba su da ta cewa, ƙasashen mulkin mallaka ne, abin da Landan ta yanke shi ne nasu. Wannan shawara ɗaya ita ce ta sa a yau, kimanin shekara 80 bayan yaƙin, tauna labarin sojojinmu ta hanyar lambobinsu ya fi na wasu wuya nesa ba kusa ba.

Waɗanda aka ba

Kimanin sojojin Afirka ta Yamma 90,000 ne aka kai yaƙin da tsofaffi ke kira yaƙin Bama, kuma fiye da rabinsu daga Najeriya suka fito. Manyan rundunoni biyu aka kafa musu a 1943, ta 81 da ta 82, duk a ƙarƙashin rundunar kan iyaka ta Afirka ta Yamma, wadda tambarinta bishiyar kwakwar manja ce. Runduna ta 81 tana liƙa hoton baƙin gizo-gizo a kafaɗa. Ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye a kan gammo, kuma wannan gammo ba ado ba ne. A cikin kowace runduna akwai dubban mutanen da aikinsu dako ne, su ɗauki harsashi da abinci da kayan asibiti da sassan bindigogi a ka, su hau duwatsun da mota ba ta hawa, alfadari ma sai da ƙyar. Saboda su, da kuma jiragen sama da ke jefo guzuri daga sama, aka iya tura runduna ta 81 cikin kwarin Kaladan, wurin da ba hanyar mota sai wadda suka sare da hannunsu, mai tsawon kimanin mil 75.

Janar Woolner ne ya shiga da su Kaladan a farkon 1944. Sun kai har Kyauktaw, Japanawa suka juyo musu a watan Maris, suka ja da baya, sannan suka sake komawa bayan damina. A watan Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci Myohaung, tsohon babban birnin yankin Arakan. Daga nan ta 82 ta zarce kudu, ta bi ta Dalet da Tamandu da Letmauk da An. Akwai kuma birged ta 3, mai bataliyoyin Najeriya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, wadda aka cire aka ba Janar Wingate, aka sauke ta a bayan sahun abokan gaba tare da dakarun da ake kira Chindit.

Duk wanda ya san barikokin Najeriya ya san waɗannan sunaye ko da bai san inda suka fito ba: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Myohaung da An da Arakan da Tamandu da Dodan a Legas. Babban barikin Akara ma sunan Burma yake amsawa. Wurare sun samu suna, an rubuta su ɓaro-ɓaro a ƙofar bariki. Mutanen da suka je wuraren ne ba a rubuta ba.

Da yawa daga cikinsu 'yan Arewa ne, domin tun zamanin Lugga Turawa sun fi son ɗibar soja daga nan, kuma sarakuna sun taimaka wajen ɗibar lokacin yaƙin, wani da son ransa ya shiga, wani kuwa dagaci ne ya nuna shi. Hausa ce harshen bariki a rundunar Najeriya, har ana sa hafsoshin Turawa su koye ta. Wasu sun riga sun yi yaƙi da Italiyawa kafin a kai su Burma. Birged ɗin Najeriya ce ta shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, ta nausa har Harar a ƙasar Habasha. Irin wannan soja a ƙarshe yakan cancanci lambobi har biyar: tauraron 1939 zuwa 1945, Tauraron Afirka, Tauraron Burma, lambar tsaro, da lambar yaƙi wadda ake ba duk wanda ya cika kwana 28 a bakin aiki. Duka biyar ɗin babu mai suna.

Yadda sunan ke salwanta

Tauraron Burma kamar kwabo yake, na hannunka da na hannuna duk ɗaya ne. Abin da ke bambanta na wani kofur daga Gumel da na wani Bature daga Manchester ba ya jikin ƙarfen, yana wurin abubuwan da ke tare da shi: littafin sallama da aka ba soja ranar da aka sallame shi, hotonsa da kaki, da bakin mutanen gidan da suka ji labari daga gare shi. Ukun nan kuwa duk sun fi ƙarfen saurin lalacewa. Takarda gara na cin ta, ruwan damina na jiƙa ta, hoto na dushewa, wanda ya ji labari shi ma yana da ranarsa.

Yawancin sojojin sai a 1946 aka dawo da su gida. Wanda ya dawo yana ɗan shekara 25 ya rasu tuntuni, 'ya'yansa ma yau dattawa ne. Idan aka zo rabon gado, lamba biyar a kan ƙarfe ɗaya ba gona ba ce ba gida ba, ba wanda zai tsaya yi mata lissafi. Wannan ɗa ya ɗauki biyu, wancan ya ɗauki ɗaya, littafin sallamar ya bi wata 'ya gidan aurenta, ko ya zauna a adaka har ya ruɓe. A zuriya ta uku sai ka tarar da tauraro ɗaya a gwangwani tare da tsofaffin makullai da maɓallai, mai gwangwanin ya san na kakansa ne, ya san an ce ya je Bama, iyakar saninsa ke nan. Daga nan zuwa tiren ɗan koli ko buhun ɗan jari-bola taku ɗaya ne. Da zarar ya fita daga gidan, babu masanin da zai iya mayar masa da sunan mai shi.

Ko da an san sunan ma da sauran rina a kaba. Akawun soja ba ya rubuta sunan uba da na kaka. Sunan yanka yake ɗauka ya liƙa masa sunan gari ko na ƙabila, sai ka ga Audu ko Mamman ko Garba an haɗa shi da Kano ko Sakkwato ko Katsina, a rubuce yadda kunnen Bature ya ji. Masu suna iri ɗaya ba su ƙirguwa, kuma ba kowa ne ya faɗi garinsu na gaskiya ba, musamman wanda ya gudo ya shiga soja ba da sanin iyaye ba. Abin da ba ya maimaituwa shi ne lambar aiki. Ta 'yan Najeriya tana farawa da haruffan NA, ta 'yan Gwalkwas da GC. Gidan da ya riƙe wannan lamba ya riƙe bakin zaren, wanda ya rasa ta kuwa sai dai lalube.

Kasuwar lambobi

A Ingila tara lambobin yaƙi tsohuwar sha'awa ce mai kasuwarta da ƙungiyoyinta da mujallunta. Gidajen gwanjo irin su Spink da Noonans a Landan suna sayar da su a kai a kai, da kundin bayani mai ɗauke da tarihin kowane soja gwargwadon abin da aka gano. Wanda ya duba irin wannan kundi zai lura da abu guda: ba ƙarfen ake saye ba, labarin ake saye. Tauraron Burma shi kaɗai, marar takarda, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, domin an buga su da yawan gaske, ga kuma na jabu sun cika kasuwa. Amma jerin lambobin mutum ɗaya da aka san sunansa, da takardar da ta faɗi abin da ya yi a wace rana a wane tudu, kuɗinsa na iya ninka wancan sau ɗari ko fiye.

Shi ya sa masu tarawa na gaske ba abin da suka tsana kamar a wargaza jeri. Za ka ga mutum ya shekara da shekaru yana cigiyar lamba ɗaya da ta ɓalle daga jerin da ke hannunsa. Shi ya sa kuma 'yan damfara suka samu ƙofa: a samo lamba ɗaya mai suna, a sayo taurari marasa suna a jera mata, a ce duk na mutum ɗaya ne. Babu yadda za a ƙaryata, babu kuma yadda za a tabbatar.

Da sauƙi a zargi waɗannan mutane da cinikin jinin wasu, kuma akwai abin ƙyama a ganin an buga guduma a kan bajintar mutumin da jikokinsa ba su da kuɗin jirgin zuwa wurin gwanjon. Amma a ganina zargin bai cika adalci ba. Sau da yawa mai tarawa ne ke zuwa ma'ajiyar tarihi ta gwamnatin Birtaniya da ke Kew a Landan ya tono takardar shawarar ba da lambar bajinta, ya bi jaridar gwamnati ta London Gazette ya gano ranar da aka sanar, ya karanta kundin da bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum. Aikin da hukumominmu ba su yi ba shi yake yi, ko da don ya ƙara wa kayansa daraja ne. Matsalar tana wani wurin. Kasuwa takarda take bi, takarda kuwa hafsoshi ta bi. A kundin bataliya, idan Bature ya ji rauni ana rubuta sunansa da muƙaminsa, idan ƙananan sojoji baƙaƙe ne galibi adadi ake sawa. Don haka ko mai kyakkyawar niyya ya tashi neman ɗan dako daga rundunar 81, abin da zai samu bai wuce cikin cokali ba.

Lambobin da ke da suna

Abin mamaki, tsofaffin lambobi sun fi na yaƙin Hitila riƙon amana. Na Yaƙin Duniya na Ɗaya duk an buga musu suna da lambar aiki da runduna, a baki ko a baya, ciki har da na sojojin Najeriya da suka yi yaƙi a Kamaru da Afirka ta Gabas. Haka ma lambar azurfa ta aikin Afirka da aka ƙirƙiro a 1902, wadda ake maƙala wa ɗan ƙarfe a kan ƙyallenta mai faɗin yaƙin da aka yi. Wani ƙarfen an rubuta masa Arewacin Najeriya 1903, wani 1906. Na 1903 ladan cin Kano ne a watan Fabrairu, da cin Sakkwato a watan Maris, da yaƙin Burmi a watan Yuli inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Na 1906 kuwa na murƙushe Satiru ne da yaƙin Haɗeja.

A nan batun tunawa da soja ya daina zama mai daɗin baki. Turawan da suka jagoranci waɗannan yaƙe-yaƙe 'yan ƙalilan ne, masu riƙe da bindigar yawanci baƙar fata ne, da yawansu da Hausa suke magana. Sunayensu na nan a bakin azurfar, ana sayar da ita a Landan har gobe. Bahaushen da ya riƙe irin wannan lamba a tafinsa ba zai ji abin da zai ji ba idan Tauraron Burma ne. Duk da haka ban ga dalilin a narka ta ko a kau da kai ba. Shaida ce, kuma tana faɗin abin da littattafan makaranta ke tsallakewa, cewa ba Lugga da Morland, hafsan da ya jagoranci harin, kaɗai suka fasa ganuwar Kano ba. Ajiye lamba ba yabon yaƙin da aka ba da ita dominsa ba ne.

A yaƙi na biyu ma akwai lambobin da aka ci gaba da buga wa suna, su ne na bajinta da na daɗewa a aiki. Soja ɗaya da ya samu irinsu ya isa misali. Chari Maigumeri ya fara aikin soja ne a rundunar Jamus a Kamaru, har Jamusawa suka ba shi lambarsu ta Giciyen Ƙarfe. Ingilishi suka kama shi a 1915, ya shiga rundunarsu a 1917, ya juya ya yaƙi Jamusawan a Afirka ta Gabas. Ya kai muƙamin babban samanja na bataliya, ya samu lambar bajinta ta MM a yaƙin Italiyawa, ya je Burma, aka ƙara masa lambar girmamawa ta daular Birtaniya, wato BEM. A 1953 ya yi ritaya da muƙamin kyaftin na girmamawa, kuma barikin Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi. Ana iya bin tarihinsa daki-daki domin lambobin bajinta na tafiya da takarda, takarda kuma na zaune a ma'ajiya. Amma Maigumeri ɗaya ne. Dubban da suka yi dako a bayansa, tauraronsu da nasa a maƙera ɗaya aka buga, su kuwa ba abin da ya biyo bayansu.

Matattu da rayayyu

Wanda ya mutu a can, ta wata fuskar, ya fi wanda ya dawo samun suna. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel tana riƙe da maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, mai kaburbura fiye da 6,000, kuma a cikinta akwai ginshiƙan da aka zana wa sunayen kusan mutum 27,000 da ba a san inda suke kwance ba. Akwai 'yan Afirka ta Yamma a can, akwai su a maƙabartar Chittagong a Bangaladash, kowa da sunansa da lambar aikinsa.

Sai dai hukumar da kanta ta amsa cewa ba haka ta yi wa kowa ba. Rahoton da ta fitar a Afrilun 2021 ya ce a Yaƙin Duniya na Ɗaya mutum 45,000 zuwa 54,000, yawanci Indiyawa da 'yan Afirka, ba a tuna da su daidai da Turawa ba, sannan aƙalla 116,000, watakila har 350,000, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba ko ma ba a tuna da su sam ba. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a majalisa.

Rayayyun kuwa abin da ya fi damunsu ba suna a bayan tauraro ba ne, kuɗi ne. Wata takarda ta 1945 da aka tono a 2019 ta nuna cewa kuɗin sallamar ƙaramin soja farar fata sulai 10 ne a kan kowane watan da ya yi, na takwaransa baƙar fata a wasu rundunonin Afirka kuwa sulai 3 da sisi. A Akara, ranar 28 ga Fabrairun 1948, tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano zuwa fadar gwamna don kai kokensu, aka buɗe musu wuta, aka kashe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya tana cikin abubuwan da suka gaggauta 'yancin Gana. Mutumin da aka yi wa haka, idan daga baya ya sayar da lambarsa ya sayi hatsi, ba ni da bakin ganin laifinsa.

A Najeriya an daɗe da mayar da ranar tunawa da 'yan mazan jiya daga 11 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Akwai hujja a yin hakan, amma ya sa sojojin Burma sun ƙara nisa da idon jama'a. Ana ajiye furanni, ana sakin tattabaru, ana ambaton yaƙe-yaƙen duniya a jimla ɗaya a wuce.

Abin da ya rage a hannun iyali

Tunda ƙarfen ba zai yi magana ba, nauyin ya koma kan gidan da yake ciki. Abu na farko, kada a raba jerin. In magada sun yi yawa, gara a damƙa wa mutum ɗaya amana, sauran su ɗauki hoto. Kada a goge tauraron da toka ko yashi don ya yi ƙyalli, gugar tana cinye zanen, kuma tsohon ƙyallen ko ya kode kada a yar, shi ma shaida ne. Littafin sallama, in yana nan, ya fi lambobin duka daraja wurin mai bincike. A ɗauki hoton kowane shafi da waya, a aika wa 'yan uwa da dama don kada ya zauna a wuri ɗaya. A rubuta sunan sojan na gida da na bariki, da garinsu, da lambar aikinsa, a ajiye takardar tare da lambobin. In akwai tsohuwa ko tsoho da ya zauna da shi, a naɗi muryarsa yanzu, ko da abin da zai tuna bai wuce sunan jirgin ruwa ko wata waƙar fareti ba.

Wanda kuma kakansa ya tafi bai dawo ba, shafin intanet na hukumar kaburburan yaƙi kyauta ne, ana nema da suna ko da lambar aiki. In da suna za a nema, sai an gwada rubutu iri-iri, domin akawun da ya rubuta shi a 1942 ba da ƙa'idar rubutun Hausa ya yi aiki ba. Mamman na iya fitowa da harafin o a maimakon a, Sakkwato kuma kusan kullum da rubutun Turawa za a same ta, kuma sau da yawa sunan garin ne aka ɗauka a matsayin sunan mahaifi, don haka shi ya kamata a fara sawa a gurbin sunan mahaifi.